Fitilu 11 a sararin Campeche

A ranar 5 ga Maris, 2004, wani jirgin leƙen asiri na rundunar sojin saman Meziko, samfurin Merlin C-26A, yana shawagi a kan jihar Campeche da ke kudu maso gabashin ƙasar, yana farautar ƙananan jiragen masu safarar miyagun ƙwayoyi. Da yammacin ranar, yana tafe a tsayin kusan mita 3,500, sai kyamararsa mai gane zafin abubuwa ta fara nuna wasu dunƙule-dunƙulen haske, waɗanda yawansu ya kai 11, wasu a jere, wasu bibbiyu, suna ɓuya a bayan gajimare suna sake bayyana. Na'urar rada ta jirgin ba ta kama abin da ya wuce uku ba, kuma babu wanda ya ga fitilun da idonsa ta taga. Sojojin da ke ciki, ƙarƙashin jagorancin Manjo Magdaleno Castañón, sun ɗauka cewa wasu abubuwa ne suke biye da su, har hankalinsu ya tashi.

Ban ga dalilin da zai sa a yi wa waɗannan sojoji kallon maƙaryata ko matsorata ba. An tura su neman jiragen da ke ɓoye kansu, an horar da su su ɗauki duk wani ɗigon zafi a kan allo a matsayin abin zargi, sannan ga ɗigo 11 sun bayyana ba tare da bayani ba. Sun naɗi hoton, sun kai rahoto ga na gaba da su, kuma iyakar abin da ake nema daga soja ke nan. Inda al'amarin ya karkace shi ne abin da ya biyo baya, domin ma'aikatar tsaron ƙasar, a zamanin Janar Clemente Vega García, ta miƙa faifan ga Jaime Maussan, wani mai gabatar da shirin talabijin da ya daɗe yana yaɗa cewa halittu daga wasu duniyoyi suna ziyartar tamu. A watan Mayu na shekarar aka nuna wa duniya faifan, kuma kafin masana su samu damar duba alƙaluman da ke jikinsa a tsanake, labarin ya riga ya zagaye gidajen talabijin da fassarar da mai shirin ya ba shi.

Bayanin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar, Alejandro Franz, wanda ya san yankin sosai. A cikin tekun da ke arewa da hanyar jirgin akwai rijiyoyin man Cantarell na kamfanin Pemex, kimanin kilomita 80 daga gaɓa, waɗanda a wancan lokaci suke fitar da gangar ɗanyen mai sama da miliyan 2 a kowace rana. A kan dandamalin haƙar man akwai dogayen bututu da ake ƙona iskar gas a bakinsu dare da rana, irin wutar da mutanen yankin Neja Delta suka sani sarai. Franz da wasu masu bincike sun ɗauki alƙaluman da kyamarar take rubutawa a gefen hoton, wato lokaci da wurin da jirgin yake da kuma ɓangaren da ta fuskanta, suka ja layi a kan taswira, sai layin ya nufi inda rijiyoyin suke.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne yadda irin wannan kyamara take aiki. Tana nuna ɓangaren da zafi yake fitowa, amma hoton shi kaɗai ba ya faɗin nisa, saboda haka ƙaramar wuta a kusa da babbar wuta a nesa suna iya fitowa iri ɗaya a kan allo. Wanda yake sama da mita 3,500 kuwa yana iya hango abin da ke nisan kilomita 200 kafin doron ƙasa ya kare masa, kuma harshen wutar da hasken rana ya hana ido gani daga wannan nisa ba ya ɓuya ga na'urar da zafi take bi. Batun cewa fitilun suna biye da jirgin ma yana da bayani, domin duk wanda ya taɓa tafiyar dare a mota ya ga yadda wata yake binsa yayin da itatuwan bakin hanya suke wucewa da gudu. A faifan Campeche gajimaren da ke kusa ne yake wucewa, wutar da ke nesa tana nan inda take. Game da abin da rada ta kama, wasu masu binciken suna ganin manyan motoci ne a kan titi, ba fitilun ba.

Irin haka ta sake faruwa a Chile a watan Nuwamba na 2014, lokacin da wani jirgi mai saukar ungulu na sojin ruwa, yana sintiri a gaɓar teku, ya ɗauki hoton wani abu mai zafi yana fitar da wani abu kamar hayaƙi. Kwamitin gwamnati mai kula da rahotannin abubuwan da ake gani a sararin sama ba a san ko mene ne ba ya shafe kusan shekara biyu yana nazari bai gano ko mene ne ba. Da aka saki faifan a farkon 2017, cikin 'yan kwanaki masu bincike a intanet suka haɗa shi da bayanan zirga-zirgar jirage, suka nuna cewa jirgin fasinja ne na kamfanin Iberia da ya tashi daga Santiago, yana nesa ƙwarai fiye da yadda sojojin suka zata.

Ba ina cewa an warware kowane rahoto ba ne. Rahoton da ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya fitar a watan Yuni na 2021 ya duba rahotanni 144, akasarinsu daga matuƙan jiragen soja, amma guda ɗaya kawai aka iya tantancewa da tabbaci, shi ma balan-balan ne da iska take fita daga cikinsa. Sai dai rahoton da kansa ya danganta hakan da ƙarancin ingantattun bayanai, kuma ya ambaci cewa matuƙa da yawa suna ƙin yin magana don gudun kada abokan aiki su yi musu dariya. Wannan ya fi damuna a kan zancen halittun wasu duniyoyi, domin hasken da soja ya gani ya yi shiru yana iya zama jirgi marar matuƙi na abokan gaba, ko kuma wata matsala a na'urar da gobe za a dogara da ita wajen yanke hukuncin kai hari. A shekarar 2022 ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa ofishin AARO domin tattara waɗannan rahotanni wuri guda, kuma a nazarin tarihi da ya fitar a watan Maris na 2024 ya ce bai samu wata hujja da ke nuna fasahar da ta zo daga wajen duniya ba.