Daga Kampidoliyo zuwa tudun Celio, kan sawun wani cinikin gida

Da hantsi na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Colosseo a birnin Rum, na bar masu layin kallon Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin, na miƙe zuwa tudun Kampidoliyo. Matakalar cocin Aracoeli ta haura ɗari, sai da na huta a tsakiya. A nan ne masu duba na tsohuwar Rum ke tsayawa su karanta tashin tsuntsaye. Na juya kudu maso gabas ina laluben tudun Celio, saboda wata shari'ar cinikin gida da Cicero, lauya kuma marubucin Rum, ya ba da labarinta a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Claudius Centumalus na da bene a Celio. Masu duba suka ce tsawonsa ya tare musu sama, a rushe samansa. Mutumin ya yi gum, ya sa gidan a kasuwa, Calpurnius Lanarius ya saya. Umarnin ya biyo sabon mai gida, ya rushe, sannan ya gano an faɗa wa na farkon tun kafin ciniki. Alƙali Marcus Cato ya ce tunda ya sani ya ɓoye, sai ya biya asarar.

Hukuncin nan ya kwanta mini a rai. A dokokin Alluna 12, rubutattun dokokin Rum na farko, na wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin da baki ya furta kaɗai ake kama mutum da shi, wanda ya yi ƙarya ya biya ninki biyu, mai shiru kuwa ya sha. Masana shari'arsu ne suka ce shiru a kan aibi ma ha'inci ne. Duk wanda aka sayar wa fili da rani, damina ta nuna masa kududdufi ne, ya san zafin abin.

Na gangara ta kangon dandalin birnin. Hakiman kasuwar tsohuwar Rum sun ba mai saye wata 6 ya mayar da kaya mai aibi, ko shekara guda ya nemi ragin kuɗi, amma da farko a bayi da dabbobi. A kundin shari'a na Sarki Justinian na shekara ta 533 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) an ambaci gona mai muguwar iska cikin abin da ake mayarwa.

Da azahar na hau Celio ta siririn titin Clivus Scauri, na shiga tsofaffin gidajen da ke ƙarƙashin cocin Santi Giovanni e Paolo. Ɗaya benen haya ne, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. A irin wannan gini, kowane hawa da Lanarius ya rushe kuɗin haya ne ya tafi.