Sauke bayan mota don filin tsere, ba wai yanke sifirin ba ne

Jama'a wani abu nike lura da shi a garin nan, da yaro ya samu Golf 3 ko tsohuwar Marsandi 190, kafin ma ya canza mata baƙin mai ya kai ta wajen mai walda an datse zagaye biyu na sifirin ɗin baya, wani ma wuta ake sa mashi har ya yi ja ya lotsa, mota ta zauna daɓas taya ta shige cikin fenda, shi kenan wai an haɗa motar tsere. Wlh wannan ba shiri ba ne, ɓarna ce. Sifirin da ya sha wuta ƙarfen ya mutu, na dama da na hagu ba za su ƙara zama ɗaya ba har abada, wanda aka yanke kuwa da ka ɗaga motar a jak za ka ga yana lilo a mazauninshi, rannan in taya ta yi tsalle a kwana sai ya fice.

To mu nan Katsina ba mu da filin tseren mota, na Polo muke da shi, shi kuma na dawaki ne. Masu yin abin da gaske kudu suke gangarawa, akwai fili a Evbuobanosa ta jihar Edo. Amma gyaran a gida ake yin shi, shi ya sa nike son wanda zai taɓa bayan motarshi ya san me yake taɓawa.

Farko dai awo. Ka samu daɓen siminti wanda yake a miƙe, ba ƙasar gareji mai tudu da kwari ba, iskar tayoyi huɗu a daidaita da geji, mai a tanki kamar rabi, sannan wani mai nauyinka ya zauna kujerar direba, don motar da za ta shiga fili da mutum a ciki za ta shiga. Sai ka ɗauko tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda, ba daga ƙasa ba, saboda in daga ƙasa ne iskar taya da cinyewarta duk sun shiga lissafin. Ka rubuta. Kar kace za ka riƙe a ka, ba za ka riƙe ba. Kuma duk sanda aka sauke mota daga jak sai an tura ta gaba an dawo da ita baya an ɗan danna but kafin a auna, in ba haka ba tayoyin sun cije ƙasa, za ta nuna maka tsawon ƙarya.

Abin da ake nema shi ne bayan ya ɗan fi gaban tsawo kaɗan, ni a ganina milimita (mm) 10 zuwa 15 ya isa a fara da shi, kuma wannan a ƙarƙashin ƙofa ake auna shi wajen da ake kafa jak, don bakin fendar baya da ta gaba ba yanka ɗaya aka yi masu ba, ido zai yaudare ka. Dalili kuwa, in ka ɗaga baya motar ta fi saurin juya hancinta a kwana amma bayan zai riƙa neman zamewa, in ka sauke shi bayan zai kama ƙasa sosai sai dai kuma gaban ya riƙa turjewa, kana murza sitiyari tana neman wucewa kai tsaye. Golf da gaba take ja, dama halinta ke nan turjiya, to ka ga wanda ya durƙusar da bayanta ƙara mata ciwon ya yi. Ita 190 ko BMW masu ja da baya su ne ɗan saukewa ke taimaka masu wajen fita kwana da wuta, shi ma ɗan kaɗan.

Kowace mota da hanyarta. Wanda ya samu kuɗi ya sayo koyiloba, wato shokazoba mai zare a jiki da zobba biyu, ɗaya na ɗaukar sifirin ɗaya na kulle shi, ya huta, amma a goge zaren da buroshi a fesa mai kafin a juya, ƙurar hunturun nan in ta shige sai dai guduma, kuma motar na kan jak ake juyawa ba tana zaune ba. A sa alamar fenti a zoben a riƙa ƙirga zagaye, dama da hagu daidai. A BMW E36 da E46 sifirin ɗin baya daban yake da shoka, yana zaune can ciki kan hannun, wato ƙarfen da ya haɗa taya da jikin mota, don haka abin da ka rage a mazauninshi ya fi haka fitowa a taya, ka rage mm 10 ka ga wajen 15. Marsandi 190, wadda ta fito 1982 da hannuwa biyar a kowace tayar baya, ita akwai roba a saman sifirin mai kauri daban daban, ana gane ta da ƴan ƙullutai a gefe, kowace ta ɗara ta ƙasa da ita da mm 5, sai ka canza robar kawai ba ka yanka komi ba. Fijo 306 da 206 kuwa babu ma sifirin mai naɗi a baya, sandunan ƙarfe ne masu haƙora a bakinsu, zare su ake a mayar a wani haƙorin, aikin yana son bakaniken da ya taɓa yi, ba wanda zai koya a motarka ba.

Yanzu ga inda aka fi shan wuya. Tsofaffin Golf marasa ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani ɗan bawul a jikin aksul ɗin baya da ɗan sifirin a maƙale, aikinshi in an yi wa mota lodi bayanta ya sauka sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To kai ka sauke ta ba lodi, shi bawul bai sani ba, yana ganin buhunan gero ka ɗauko daga Mashi, sai ya saki birki da ƙarfi, kana taka shi a bakin kwana tayoyin baya su kulle mota ta juyo tana kallon inda ta fito. Dole a sake saita shi. Wani ƙanen abokina da na nuna mashi cewa ya yi, Yaya ai ni na ɗauka birkin ne ya ƙara kyau. Hmm.

Bayan nan sai alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, ba fashi. A mota mai hannuwa da yawa kana sauke ta saman tayar zai kwanta ciki, bakinta ma ya karkace, kwanciyar kaɗan tana da amfani a kwana, amma karkacewar baki in ta koma waje a baya motar ba za ta tsaya a layi ba ko a miƙaƙƙen titi, kuma cikin taya zai cinye kafin ka ankara. Notocin bushin kuma, wato robobin mahaɗar hannuwan, a kwance su a sake ɗaurewa motar na zaune kan tayoyinta, in an ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna ta yage. Sannan ka leƙa ka ga nawa ya rage tsakanin shoka da robar da ke tare ta in ta kai ƙarshe, in motar tun tana tsaye ta kusa hawa robar to ba ka da sauran shoka, gungume kake tuƙawa.

Ni shawarata kar saukewar ta wuce mm 25 zuwa 30 a karon farko, daga nan a riƙa motsawa mm 5 mm 5, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada a rubuta. Gwajin kuma don Allah ba a Ring Road ba, ba a hanyar Daura ba, ba kuma ranar ɗaurin aure cikin mutane ba. In motar ita ce dai ta zuwa aiki, ka riƙe tsoffin lambobinka na awo ka mai da ta yadda take in ka dawo, don tudun rage gudun da ke cikin gari daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa kaɗai ya isa ya raba ka da salansa.