MTV Base da yadda ta gyara wa bidiyon waƙar Legas zama

Kafin 2005, mawaƙin Legas da ya yi bidiyo ba shi da ƙofofi da yawa. Ko dai ya kai wa 'yan kasuwar Alaba su buga a faifan VCD, ko ya nemi gurbi a shirin Kenny Ogungbe da Dayo Adeneye a AIT. Tashar waƙoƙi ta Channel O tana nan tun 1997, amma daga Afirka ta Kudu take. A watan Fabrairun 2005 tashar waƙoƙi ta MTV Base ta Afirka ta fara aiki a kan DStv, ƙarƙashin jagorancin ɗan Najeriya Alex Okosi. A shekarar ce 2Face ya karɓi kyautar gwarzon mawaƙin Afirka a bikin MTV na Turai a Lisbon. Bikin MAMA (kyaututtukan waƙa na MTV na Afirka) na farko a Abuja aka yi shi a 2008, na 2010 kuma a nan Legas. Soundcity ta Tajuddeen Adepetu da HipTV ta Ayo Animashaun, dukkansu 'yan gida, suka shiga fagen, Trace Naija ta biyo a 2016.

Babban tasirin tashar a ganina shi ne tankaɗe da rairaya. Hoton VCD ƙarami ne, ɗigo 352 a 288, yana rufa wa kowane irin aiki asiri. Da aka fara jera bidiyon Legas kusa da na Amurka, sai rashin haske da rawar kyamara suka fito fili. Masu hali suka riƙa tafiya Afirka ta Kudu ɗaukar hoto, kafin daraktoci irin su Clarence Peters su nuna cewa a gida ma ana iyawa.

Wannan tankaɗen ne har yau yake kayar da 'yan'uwanmu mawaƙan Hausa na Agege da Idi-Araba, ko da waƙar ta yi daɗi. Talabijin ɗin Najeriya hoto 25 yake tafiya a daƙiƙa, wutarmu kuma 50Hz ce. Wayoyi da yawa a kan 30 suke zuwa. In aka ɗauka a haka ƙarƙashin fitilar LED mai araha, hoton zai riƙa ƙifta ido, in aka mayar da shi 25 kuma motsin rawa ya riƙa tsalle. A saita kyamara a 25 tun farko, shota (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) a 1/50. Ƙaramin janareta ma yana jawo ƙiftawar, domin juyawarsa ba ta tsayawa daidai in kaya sun yi masa nauyi. Gara a raba wutar fitilu da ta sauran kaya.

Sauti a fitar da shi a 48kHz daga asalin fayil ɗin sutudiyo, kada a ɗauko MP3. A wajen ɗauka kuma a kunna ainihin waƙar da aka gama haɗawa, in ba haka ba leɓe da murya za su saɓa. Hoto ya zama kwance, 1920 a 1080, ba tsaye irin na TikTok ba. Kada a tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, matse shi yake yi.

Sai batun NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Zagi, hayaƙin wiwi, bindiga da tsiraici suna sa a ajiye bidiyo, don haka a shirya kwafi mai tsabta daban. Tambarin kamfani a riga ko kwalba a dusar da shi, domin tasha talla take sayarwa, ba za ta yi wa kowa kyauta ba. Ƙasan allo a bar shi fili, nan suke rubuta sunan mawaƙi, waƙa da darakta. Wanda ya sa fassarar Turanci, wadda ke taimaka wa mai tace bidiyo a tashar da ba ya jin Hausa, ya ɗan ɗaga ta sama. Wannan kwafin dai zai yi aiki a Arewa24, wadda ta fara a 2014, ba sai an sake wani ba.