Bin Sawun Guza a Lakar Sungei Buloh

Wanda zai je kallon guza a dajin mangurob, wato itatuwan da ke tsirowa a lakar bakin teku, jadawalin cika da janyewar teku zai fara dubawa kafin ya duba na mota. A gaɓar Singafo ruwa kan kawo sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. A farkon wata da tsakiyarsa, wato tsayuwar jinjirin wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwan ya fi cika kuma ya fi janyewa, har tazarar kan kai kusan mita 3. Na zaɓi ranar da ruwa zai kai ƙarshen janyewarsa da hantsi, domin a irin wannan rana ce zafin da guza ke buƙata da lakar da yake kiwo a kai suke haɗuwa a lokaci guda.

Gandun Sungei Buloh yana arewa maso yammacin tsibirin Singafo, yana kallon birnin Johor Bahru na Maleshiya a tsallaken mashigin ruwa. Na bi jirgin ƙasa na cikin gari zuwa tashar Kranji, daga nan na hau bas mai lamba 925 zuwa wurin ajiye motoci na madatsar ruwan Kranji, sai ɗan tattaki zuwa ƙofa. Ana buɗewa ƙarfe 7 na safe, a rufe 7 na yamma, ba a biyan ko sisi. Wurin a da tafkunan kiwon jatan lande da kifi ne. An buɗe shi ga jama'a a 1993, aka ba shi matsayin gandun da doka ta kare a 2002, kuma yanzu faɗinsa ya kai hekta 202. Tsofaffin tafkunan suna nan da ƙofofin ruwansu, ma'aikata na buɗewa da rufewa don tsuntsayen da ke zuwa ci-rani daga arewa tsakanin Satumba da Maris su sami lakar sauka.

Ƙarfe 7 a can gari bai gama wayewa ba, rana na fitowa ke nan. Ba za ka ga guza yana yawo a wannan lokaci ba. Jikinsa ba ya ɗumama kansa, daga waje yake samun zafi, kuma dare ya saukar da shi zuwa zafin iska da ruwa, wajen digiri 25 zuwa 27. Wajen takwas da rabi na fara ganinsu a kan hanyar tsakuwa da ta kewaye tafkunan, da kan kututturan da suka faɗi, suna shan hantsi: ciki a shimfiɗe, haƙarƙari a baje don rana ta sami faɗi, ƙafafun baya a miƙe. Wannan nau'in ba ya neman zafi mai yawa, da jikinsa ya kai wajen digiri 30 ya isa aiki. Ƙanana kan yi ɗumi cikin ɗan lokaci su tashi, manya kuwa su daɗe, saboda jiki mai kauri a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali kuma yake sakinsa. Shi ya sa da sassafe masu tsawon kamu biyu ko uku za ka fara gani suna kiwo, manyan suna kwance ba su da niyyar motsi. In an tashi da hadari, kamar yadda aka saba daga Nuwamba zuwa Janairu, komai sai ya ja baya da awa ɗaya ko fiye, wasu ma ranar ba sa fita.

Girmansu ya wuce na guzan da muka sani a fadamun gida. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba abin mamaki ba ne a nan, fiye da rabi kuma wutsiya ce. Babban namiji kan haura kilo 20. Wanda aka auna mafi tsawo, a Siri Lanka, ya kai mita 3.21, kuma a duk dangin ƙadangaru na tsibirin Komodo ne kawai ya fi shi nauyi.

Da ruwa ya janye na koma gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan. A ƙasa laka ce baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, saiwoyi sun fito tsaye daga cikinta suna shaƙar iska, wasu sun sauko daga jikin itace sun kafe. A nan ake ganin ainihin sana'ar guza. Yana tafiya a hankali a bakin ruwa, kai na lilo dama da hagu, harshe mai baki biyu na fita yana komawa. Harshen ba ɗanɗano yake yi ba: yana kwaso ƙwayoyin wari daga iska da laka ya kai su wasu ramuka biyu a ganɗarsa, kuma ɓangaren da warin ya fi ƙarfi nan yake juyawa. In ka ga fitar harshen ta ƙaru, ya tsaya a wuri ɗaya, to ya sami rami mai abu a ciki. Sai ya cusa hanci, ya yi tono da ƙafar gaba ɗaya, ya sake cusa hanci, ya canza ƙafa. Yawancin ramukan a banza yake barinsu, domin ƙaguwa na haƙa har ƙasa inda ruwa yake, laka kuma tana rufta ramin yana tonawa.

Ƙaguwa ce abincin yau da kullum. Ƙarama yakan ɗauke ta ya haɗiye da ɓawonta. Babba kuwa sai ya kama ta ta baya ko ta gefe, ya girgiza kai da ƙarfi, ya buga ta a saiwa har hannuwanta masu cizo su karye ko su faɗi, sannan ya haɗiye. In ya yi kuskure ya kama ta ta gaba, ita ce za ta riƙe masa leɓe, ka gan shi yana ja da baya yana goge baki da farce. Kifin nan mai tsalle a kan laka, wanda ya cika wurin, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, kuma idanunsa a saman kai suke, da wuya a yi masa kwanton ɓauna. Inda guza ke cin riba shi ne ƙananan kududdufan da ruwa ya bari, da bakin ƙofofin tafkuna, inda kifi ya maƙale ba mafita. Yakan shiga ya lanƙwasa jiki da wutsiya ya tare kifin zuwa gefe, sannan ya kai cafka.

Haɗiyar kifi ita ta fi ɗaukar hankalina, don a nan ake ganin ƙa'ida. Haƙoransa sirara ne masu kaifi, sun karkata baya, aikinsu riƙewa, ba ya tauna da su. Kusan kullum a tsakiyar jiki yake kama kifi, to dole ya fito da shi tudu, ya riƙa saki yana cafkewa yana juya shi har kan kifin ya fuskanci maƙogwaro. Ta kai ake haɗiya saboda ƙayoyi da ɓawon kifi su kwanta. Sai ya ɗaga kai sama, ya riƙa tura wuya gaba yana lanƙwasa shi, kana ganin kifin na sauka. Tarwaɗar ruwan gishiri ce ke ba shi wahala: tana da ƙaya uku masu tauri, ɗaya a baya biyu a gefe, tana kafe su a tsaye in an kama ta. Guza kan daɗe yana dukanta a ƙasa kafin ƙayoyin su saki, wani lokaci kuma ya haƙura ya bar ta. Abin da ya fi bakinsa girma, sai ya danne da ƙafafun gaba ya yage da haƙori.

Ba ya ƙyamar mushe, hasali ma shi ya fi so, tunda ba gudu ba faɗa. Mataccen kifin da ruwa ya kawo, ko tsuntsu, warinsa kan tara guzaye da yawa daga nesa. Babba ke fara ci, saura su kewaye suna jira, wanda ya matso a hura masa wuya a yi masa huci. Ƙwan tsuntsu, ɓera, kwaɗo, maciji, ƙaramin kunkuru, har ƙananan 'yan uwansa, duk ci yake. Wannan ne dalilin da 'ya'yan, masu ɗigon rawaya mai haske, suke zama a kan rassa suna cin ƙwari, ba sa sauka sosai sai sun yi ƙwari. Bayan babban ci sai ya nemi rana ya kwanta, domin narkewar abinci ma zafi take buƙata, kuma zai iya kwanaki bai sake nema ba. Wanda aka firgita da cikakken ciki yakan amayar da abincin don ya sami saurin gudu, asarar wunin ke nan.

Guzan gida, na bakin Kogin Neja da Tafkin Chadi, in ya girma haƙoransa na baya kan zama dakusassu masu faɗi, yana fasa katantanwa da su. Na nan bai da wannan. Bambanci na biyu hali ne: namu da ya hango mutum ya faɗa ruwa, saboda ya san mafarauci da kare. Na Sungei Buloh ba a farautarsa, sai ya kwanta a tsakiyar hanya ya bar ka da neman ta inda za ka wuce.

Da azahar zafi ya haura digiri 31, ruwa kuma ya fara dawowa. Sai suka bar fili, wasu inuwa, wasu cikin ruwa. In ka ga guza ya buɗe baki maƙogwaro na kaɗawa, zafi yake fitarwa. Daga kan babbar gadar da ta haye kogin Buloh ake kallon iyonsu: ƙafafu a manne da jiki, wutsiya mai faɗi ce ke tuƙi. Yakan nutse ya daɗe, har kusan rabin awa in ya ji tsoro. Iyon ba na wasa ba ne, yana ƙetare teku tsakanin tsibirai, kuma yana cikin dabbobin da suka riga komawa tsibirin Krakatau na Indonesiya bayan aman wutar dutsen 1883. A wannan kogin akwai kada na ruwan gishiri, baƙi kuma kan rikita su. Guza yana ɗaga kai gaba ɗaya sama da ruwa, harshe na fita. Kada idanu da hanci kawai yake nunawa, bayansa da tudun ƙaya, kuma ba ya fitar da harshe. Karnukan ruwa ma suna nan, garke guda, su kan taru su kori babban guza, musamman in suna da 'ya'ya.

Wani abin da ake yi wa gurguwar fahimta shi ne guza biyu tsaye a kan ƙafafun baya, sun rungume juna. Masu ɗaukar hoto kan ce barbara ce. Maza ne ke gwada ƙarfi kamar 'yan kokawa a dandali, wanda aka kayar ya bar wurin. Macen kuwa a tudu take saka ƙwai, cikin rami ko ruɓaɓɓen kututture ko shurin gara, inda cikar teku ba ta kaiwa, don ƙwan da ruwa ya rufe ya lalace. Ƙyanƙyasa kan ɗauki wata shida ko fiye.

Yawancin matsala daga mutane take. Guzan da aka saba jefa wa abinci yakan daina kiwo ya koma bin masu jaka, ya haɗiye leda saboda warin kaza, ko ƙugiyar masunta da kifin da ke jikinta. Dokar namun daji ta Singafo, tun gyaran 2020, ta hana ciyar da su, tarar kuma na iya kaiwa dalar Singafo 10,000. In ka tarar da shi a hanya, bar masa mita biyu ko uku, kada ka tsaya tsakaninsa da ruwa, don can zai nufa in ya tsorata. Gargaɗinsa a jere yake: ya ɗaga jiki, ya kumbura wuya, ya yi huci, ya lanƙwasa wutsiya gefe. Bayan wannan sai duka da wutsiya, wanda ke fasa fatar ƙwauri. Cizo sai an kama shi ko an ƙure shi, amma bakin mai cin mushe ne, raunin na buƙatar wanki da ruwa mai yawa da sabulu, sannan asibiti a ranar.

Da la'asar sakaliya akan sami zagaye na biyu na kiwo in ruwa ya ba da fili, gajere ne bai kai na safe ba. Wajen ƙarfe 6 sun fara neman makwanci, a reshen da ya rataya kan ruwa, ko kogon itace, ko ramin gaɓa. Daga Wetland Centre, ginin karɓar baƙi da ke kusa da tafkunan, zuwa tashar bas ta titin Kranji Way tafiya ce mai ɗan nisa ta hanyar bakin teku, don haka na kama hanya tun kafin masu gadi su fara rufe ƙofa. Ranar Lahadi da ranakun hutu bas 925M na tsayawa a bakin Wetland Centre ɗin kanta.