Igiya ta Huɗu

Ƙararrawar da na tashi na sani a Wusasa ita ce ta makarantarmu ta firamare, wani tsohon wilin mota da aka rataye a reshen darbejiya. Monita ya ɗauko guntun ƙarfe ya kwankwatsa, kowa ya sheƙa aji da gudu. Shi ya sa da aikin jinya ya kawo ni Ingila a ƙarshen shekarar 2021, aka ba ni ɗaki a wani ƙaramin gari na yankin Lesta, ko a mafarki ban zaci buga ƙararrawa abu ne da mutum zai shekara yana koyo ba.

Tagar ɗakina tana kallon hasumiyar cocin garin. Duk Talata daga ƙarfe bakwai da rabi na dare zuwa tara sai in ji su, muryoyi shida suna gangarowa daga siririya zuwa mai kauri, sannan su cakuɗe, can kuma su dawo su jeru yadda suka fara. Hunturu ne, tun ƙarfe huɗu duhu ya rufe, kuma ban san kowa ba sai abokan aiki. Wata Lahadi bayan sujada na tambayi Rabaran wane irin inji ne ke wannan aiki. Ya ce mutane ne, kuma hannu suke nema, domin tun da annobar korona ta sa ƙararrawar ta yi shiru a 2020, wasu daga cikin tsofaffinsu ba su sake hawa ba. Ya nuna mini wata 'yar ƙofa a kusurwa, ya ce in zo ranar Talata.

Matakalar dutse ce mai murɗewa, kafaɗa na gogar bango har ka isa. A sama akwai ɗan ɗaki da igiyoyi shida da suka sauko ta ramuka a rufi, kowace da mariƙin ulu mai launin ja da fari da shuɗi. Shimfiɗar ƙasa ta sale a wurare shida inda ƙafafu suka daɗe suna tsayawa. A bango akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka yi dogon bugu shekaru da dama da suka wuce. Abin da aka fara gaya mini shi ne kada in taɓa igiya sai an miƙo mini, kuma in na zauna ƙafafuna biyu su tsaya a ƙasa, kada in ɗora ɗaya kan ɗaya, don igiya in ta kama ƙafa ba ta saki.

Shugabar hasumiyar wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyar da lissafi, tun tana yarinya take bugawa. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta yadda kowa ke yi. Bakina ya ƙi. Wadda ta yi sa'ar mahaifiyata, ta yaya zan kira sunanta gatsau? Sai na ce mata Malama. Ta tambayi ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ta karɓa. Yau har yaran ƙungiyar da haka suke kiranta.

Ita ta hau da ni ɗakin da ke bisa na ga ƙararrawar da idona. Babbar, wadda ni a raina na raɗa wa suna uwa, ta haura kilo 600. Zubi ne na jan ƙarfe gauraye da kuza, irin kuzar da aka yi ta haƙa a Jos. Kowace tana manne da wata babbar ƙafa ta katako kamar ta amalanke, igiya kuma ta zagaya gefen ƙafar. Kafin a fara bugu sai an lilla ta har ta tsaya baki sama. Daga nan in ka ja igiya sai ta yi cikakken juyi ta sake tsayawa baki sama, harshen ya daki gefenta sau ɗaya; ka sake ja ta komo ta ɗaya ɓarin. Wannan ɗan tsayawar da take yi a ƙololuwa shi ne tushen sana'ar duka, domin a nan ne za ka iya riƙe ta kaɗan ko ka sako ta da wuri, ta haka ƙararrawa ke canza wuri a jere. Mutanen Ingila sun gano wannan dabara tun shekarun 1600, kuma har yau hasumiyoyi sama da 5,000 a ƙasar suna da ƙararrawa da aka ɗaura haka.

Makonni goma na yi ina koyon riƙe igiya kawai, an ɗaure harshen ƙararrawar don kada a dami maƙwabta. Kuskurena ƙarfi ne. Na zo da tunanin abu mai nauyi sai da ƙarfi, Malama kuwa da ba ta kai kafaɗata ba tana juya uwa kamar mai jan guga a rijiyar da ba ta da zurfi. Kullum tana cewa in ja a miƙe har ƙasa, sannan in bar igiyar ta ɗaga hannuwana, in saurari nauyin ta tafin hannu.

A mako na shida na finciki igiya fiye da kima. Akwai wani ɗan katako da ke tokare ƙararrawa in an ajiye ta baki sama, da gangan aka yi shi mai karyewa don shi ya karye a maimakon wani abu mai tsada. Na ji ƙas a bisa kaina, igiya ta yi sama da gudu tana ƙona mini tafi. Malama ta daka tsawa ta ce in saki, na saki. Da na riƙe, da ta ɗaga ni zuwa rufi. Wutsiyar igiyar ta yi ta dukan iska, kowa ya lafe a bango har ta lafa. Gwiwoyina suna rawa na zauna. Wani manomi cikinmu ya hau ya sauko da guntun katakon, ya rubuta kwanan wata a jiki ya miƙo mini, ya ce nasa yana gida tun yana saurayi. Malama ta duba hannuna, ta ga fata ba ta sale ba, sai ta nuna mini wata igiyar ta ce in tashi, in na sauka yau da tsoro ba zan dawo ba. Gaskiya ta faɗa.

Ranar da aka fara sa ni cikin jere, aka ba ni ta huɗu. Mai riƙe da auta, wato mafi ƙanƙanta, ta ce da Turancinsu a shirya, za ta tafi, ta tafi, sai muka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Nan take na tuna lugude. Duk wanda ya taɓa ganin mata uku a kan turmi ɗaya ya san abin da nake nufi: taɓaryarki ba ta da lokacin kanta, sai gurbin da ta gabanki ta bari, kuma dole ki fice kafin ta bayanki ta sauko. Wahalar a nan ita ce ƙarar ba ta fita sai bayan ka riga ka ja, don haka in ka jira ka ji ta gabanka, ka makara. Da ido kake bin igiyar maƙwabcinka, da kunne kake gyara tazara. In ka matse shi ƙararrawa biyu su yi karo, duk garin ya ji.

Ba waƙa ake bugawa ba, lissafi ne. Ƙararrawa shida za su iya jeruwa ta hanyoyi 720, ƙa'ida kuma ita ce kada a maimaita jere ɗaya sau biyu kafin a ƙare su duka, kuma kowace ƙararrawa wuri ɗaya kawai take iya matsawa a kowane bugu. Babu takarda a gabanka, a ka kake riƙe hanyarka. In takwas ne, hanyoyin sun kai 40,320, kuma a 1963 wasu mutum takwas sun buga su kaf a hasumiyar maƙerar ƙararrawa ta Lafbara, suka yi kusan awa 18 a tsaye. Maƙerar tana kusa da mu, mun je ziyara wata Asabar muka ga yadda ake zuba narkakken ƙarfe; ita ce babbar da ta rage tun da ta Whitechapel a Landan, wadda ta zuba Big Ben, babbar ƙararrawar agogon majalisar dokokin Birtaniya, ta rufe a 2017.

Wata yarinya 'yar shekara 13 ce ta koya mini tsarin farko, tana gyara ni a gaban kowa ba tare da kame-kame ba. Da farko abin ya tsaya mini a rai. Daga baya na lura haka take gyara manomin nan da ya yi jika da ita, shi kuma ya ce to ya gyara. A ɗakin nan wanda ya fi sanin igiya shi ne babba, in an sauko ƙasa kowa ya koma matsayinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani direban bas cikinmu da ya ce shi bai gaskata da Allah ba. Kowace Lahadi zai zo ya buga ya kira mutane sujada, sannan ya sauka ya wuce gida kafin a fara waƙar farko. Na tambayi Malama yadda aka yi aka bar shi. Ta ce shekara 20 bai fasa Lahadi ba sai da ciwo, kuma shi ne ke hawa cikin sanyi ya duba igiyoyi ya ɗaure kusoshi. Har yanzu ina yi masa addu'a, kuma ya sani. Amma na daina ganin kamar ni na fi shi haƙƙin wurin.

Ba a biyan kowa. In an yi ɗaurin aure a kan ba da ɗan abu, mu kuwa mun amince a zuba shi cikin asusun sayen igiya. Bayan atisayen Talata a kan tafi mashayar garin, ni in sha lemo, a yi ta maganar wanda ya ɓata a ina. Kuma duk garin da ka je a ƙasar, in ka ji ana atisaye ka hau, tambaya ɗaya za a yi maka, me kake iya bugawa, sai a ba ka igiya. Na gwada a wani gari da na je kwas, haka kuwa aka yi.

Duk da haka ban ji na zama nasu ba sai ranar da aka yi mini faɗa. Na fito daga aikin dare wata Lahadi a gajiye, na ce bari in ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai tsakar rana. Ban aika saƙo ba, don a ganina ni ƙari ne, da ni da babu duk ɗaya. Ranar Talata Malama ba ta amsa gaisuwata da fara'ar da ta saba ba. Ta ce, "Mu biyar muka buga. Na ƙidaya da kai, na ce wa wani ya tafi wajen jikokinsa tunda kana nan. Igiyarka a rataye ta wuni. In ba za ka zo ba ka faɗa, ba na son in sake tsayawa ina kallon ƙofa." Na ce, "Ki yi haƙuri Malama, ba zan ƙara ba." Kunya ta rufe ni. Amma a hanyar gida wani abu dabam ya taso mini. Watanni kenan kowa a garin nan yana yi mini murmushi, yana tambayata yaya sanyi, ba wanda ya taɓa ɓata rai da ni, domin baƙo ba a yi masa faɗa. A gida mukan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan tsohuwa ta ƙidaya ni cikin shida, ta jira ni, ta ji haushin rashina. Tun daga ranar, da zarar jadawalin aikina ya fito ita nake fara tura wa.

Da Sarauniya Elizabet ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, ni da direban bas muka hau, bayan an sauke ƙararrawar baki ƙasa, muka kutsa tsakaninsu da tocila muna ɗaura wa kowane harshe ɗan kushin fata a gefe ɗaya. In an yi haka, jere ɗaya ya fito da ƙarfi, na biye ya fito a dushe kamar amsa daga nesa. Manomin ya ba mu labarin da ya ji wajen mahaifinsa, yadda aka hana bugu daga 1940 zuwa 1943 don an ajiye ƙararrawa ta zama alamar cewa abokan gaba sun shigo ƙasa. Da aka zo naɗin Sarki Charles a Mayun 2023 aka yi yekuwar neman sababbin hannu a faɗin ƙasar, muka samu mutum uku, har aka sa ni ina tsayawa kusa da ɗaya ina gaya masa ya rage ƙarfi.

A farkon 2024 mahaifina ya rasu. Kafin in samu izini da tikiti an riga an binne shi. Ban gaya wa kowa a hasumiya ba sai Malama, don ta san dalilin da ba za ta gan ni ba. Bayan mako biyu ta kira ni ta ce sun yi shawara, suna so su yi masa dogon bugu na tunawa, in na yarda, kuma ta huɗu tana jirana in zan iya. Ta nemi in rubuta mata cikakken sunansa da shekarunsa, don a buga a mujallarsu ta Ringing World yadda ake yi wa nasu.

Da yammacin wata Asabar muka ɗaura kushin fata muka tsaya mu shida. Jere 1,260 na tsarin Plain Bob, kusan minti 45 ba tsayawa, ba magana sai kiran madugu. Wajen tsakiya idona ya cika har igiyoyin suka yi mini hazo, na ɓata. In mutum ɗaya ya ɓata bai dawo ba, bugun duka ya rushe. Yarinyar nan da ke fuskantata ta kafe ni da ido, ta gyaɗa kai daidai lokacin da ya kamata in bi ta, na bi, na koma hanya.

Kafin mu fara na kira mahaifiyata ta WhatsApp na ajiye wayar a bakin taga. Da madugu ya ce a tsaya, ɗakin ya yi tsit, na ɗauko wayar da hannun da ke zogi. Na ji muryar ƙannena a bayanta, sun taru a tsakar gida. Ta ce, "Duk wannan don babanku ne? Sun san shi?" Na ce, "A'a Mama, ni suka sani." Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni wace ce tawa a ciki. Na ce ta huɗu. Ta ce in miƙa wa Malama wayar tana so ta gaishe ta, ni kuma in tsaya kusa in yi musu tafinta.