Sayar wa kamfanoni sunan shafin intanet ta imel: inda ake tuntuɓe

'Yan uwa masu wannan sana'a, asara takan fara ne tun wajen zaɓen suna. Ka yi rajistar suna mai ɗauke da tambarin wani kamfani, sannan ka rubuta musu su saya? Ka kai kanka da ƙafarka. Tsarin UDRP na warware rikici kan sunayen shafuka, wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta kafa a 1999, yana iya ɗaukar irin wannan tayi a matsayin shaidar mugun nufi, a ƙwace sunan. Nemi suna gajere da ke bayyana sana'a, ka lalubo kamfanonin da adireshinsu na intanet ya yi tsawo ko yake da wuyar tunawa. Su ne masu buƙata.

Akwatin imel kuma yana son haƙuri. Saita SPF da DKIM da DMARC, wato saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito, ka riƙa aika kaɗan-kaɗan na mako 2 ko 3, daga baya saƙo 20 zuwa 30 a rana ya isa. Gmail ba ya son ƙorafin masu karɓa na cewa saƙon banza ne ya kai kashi 0.3 cikin 100.

Saƙon kansa layi huɗu ne: sunan mai kamfanin, sunan shafin, amfanin da zai yi masa, farashi. Kada ka liƙa fayil. Ka yi masa tuni sau ɗaya bayan kwana 5, in ya ce a'a, ka ƙyale shi.

In ciniki ya faɗa, a biya ta Escrow.com, kamfanin da ke riƙe kuɗin amana har mai saye ya karɓi sunan. Ka kuma sanar da mai saye tun farko cewa sabon suna yakan zauna a kulle kwana 60 kafin a iya mayar da shi wani kamfanin rajista.