Godiya ga jama'ar Garwa bayan gwajin maiƙon jini

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan ɗakin gwaji da malaman jinya da muka yi aikin auna kolestarol, wato maiƙon jini, a makon jiya, muna miƙa godiya ga masu unguwanni, da limaman da suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, da matan da suka yi mana tafinta da Fulatanci. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga iyayen da aka shaida wa sakamakonsu ya haura, washegari sai ga su da 'ya'ya da ƙanne. Abin da muke nema ke nan, domin akwai hawan kolestarol na gado, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 250. Hantar mai shi ba ta iya kwashe LDL, wato nau'in kolestarol mai taruwa a jijiya, daga jini yadda ya kamata tun daga haihuwa, kuma kowane ɗansa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Ramammen mutum ma yana ɗauke da shi. Babban da LDL ɗinsa ya kai giram 1.90 a lita, ko yaron da ya kai 1.60, a binciki danginsa.

Baba da ya tambaya ko maiƙon a jijiya kaɗai yake taruwa, mun gode, ga amsa. Yana shiga har fatar ƙwayoyin jiki. Jar ƙwayar jini ba ta ƙera nata kolestarol, musaya take yi da na ruwan jini, to idan ya yi yawa sai fatarta ta yi tauri. A cikin fatar nan akwai famfon da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 (sinadaran gishirin jiki) a kowane juyi. Taurin yana iya rage masa ƙarfi. A shimfiɗar cikin jijiya kuma, yawan kolestarol yana danne wasu ƙofofin fotasiyam, jijiyar ta kasa buɗewa sosai lokacin da jini ke bukatar hanya. Wannan ɓarna ba ta ciwo, shi ya sa take ba mu tsoro.

Samari masu babura da suka riƙa kai kwalaben jini a kan lokaci, kun yi aiki. Jinin da ba a raba ruwansa cikin awa 2 ba, ko aka jefa shi firji haka nan, jinkiri ko sanyi yana tsayar da wannan famfo, fotasiyam ya tsiyayo waje, sakamakon awon fotasiyam ya fito da ƙarya.

Wanda aka ba takarda ya je wurin likita da ita. Rage man shanu da kitsen suya yana taimakawa, amma na gado sai an haɗa da maganin statin mai rage kolestarol, kuma ana iya fara wa yaro daga shekara 8 zuwa 10. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata.